Majami'ar da Ba Ta Shiga Littafi Ba: Jiki Magayi da Giɓin da ke Cikin Ƙagaggun Labaran Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin Hausa ya haddace littattafai biyar da gasar 1933 ta haifa, wadda Rupert East ya shirya a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Mukan jera su kamar karatun allo, mu wuce. Da wuya a sami wanda ya tsaya a kan sunan nan na ƙarshe ya yi tambaya: yaya aka yi mai suna John ya shiga sahun iyayen ƙagaggen labarin Hausa, kuma me ya hana duniyar da ta raɗa masa wannan suna ta leƙo cikin littafinsa ko da sau ɗaya?

Tambayar tana da nauyi. Da Hausa ake yin sujada ran Lahadi a dubban ƙananan majami'u, tun daga ƙauyukan Zazzau da Katsina har zuwa Zuru da Yawuri da Maraɗi. Da ita ake karatu, da ita ake waƙa, da ita ake ɗaura aure a kuma binne mamaci. Amma ƙagaggen labarin Hausa, wanda ya shiga fada da kasuwa da barikin soja da dajin 'yan fashi, ya shekara 90 yana wucewa ta ƙofar majami'ar ƙauye bai yi sallama ba. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, giɓin nan asara ce ga adabin kansa tun kafin ya zama asara ga zaman tare, kuma tushensa yana cikin Jiki Magayi. Zan auna maganar da ƙasar da na tashi a cikinta, wato fadamar gulbin Rima tsakanin Birnin Kebbi da Argungu.

Marubucin da ya bar garinsu a waje

John Tafida mutumin Wusasa ne, kuma Wusasa gari ne mai labari. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905. Bayan 'yan shekaru ya haɗu da zuriyar Isawa, mabiyan wani malamin Kano mai suna Ibrahim, wanda aka kashe a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya zo ya ci ƙauyen. A 1929 mishan ta koma Wusasa, a wajen ganuwar Zariya, aka gina majami'a da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da bakan gizo kamar soron attajiri. Daga wannan ɗan gari Likita R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko daga Arewa, a nan kuma Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. A 1932, shekara guda kafin gasar, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Ke nan Tafida yana riƙe da labarin da babu mai irinsa a cikin abokan takararsa: jama'ar da ta bar addinin dangi, ta binne 'ya'yanta a Gimi, ta sake gina gari a gindin dutse, tana kuma magana da Hausar da maƙwabtanta ke yi. Sai ya ajiye wannan, ya rubuta labarin Abubakar da Zainab. Attajiri Malam Shaihu, wanda ya rasa haihuwa, ya yi amfani da dukiyarsa ya raba saurayi da budurwar da yake so. Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, ya kuma samu. Asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da auren ya haifar, yaron ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, har uban ya mutu a hannunsa ba tare da ya san wanda ya kashe ba.

A cikin littattafan biyar, wannan ne ya fi tsayawa a ƙasa. Ruwan Bagaja yawon duniya ne da barkwanci, Ganɗoki kirarin jarumtaka ne da ya zarce har duniyar aljannu. Jiki Magayi kuwa, duk da asirin da ke cikinsa, yana bin sawun abu ɗaya daga zuciya zuwa zuciya: yadda zaluncin mai kuɗi ya haifi ƙiyayya, ƙiyayyar ta lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Jigon littafin a taƙaice shi ne fansa. A nan ne sunan marubucin ya kamata ya tsayar da manazarci. A Hausar kasuwa, ɗaukar fansa ramuwar gayya ce. A tsohuwar Hausa, fansa ita ce abin da ake biya a 'yanta bawa. Wannan ma'ana ta biyu ita majami'a ta ɗauka ta mai da ita ginshiƙin koyarwarta, har take kiran Almasihu Mai Fansa. Mutumin da yake jin kalmar da ma'anar 'yantarwa kowace Lahadi shi ne ya zauna ya rubuta littafin da ke nuna fansa ta ramuwa tana cinye mai ɗaukarta da wanda aka ɗauka a kansa.

Ba ina cewa Jiki Magayi wa'azin Kirista ne da aka lulluɓe ba. Darasinsa, cewa alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi, malamin zaure zai sa masa hannu kamar yadda mai bishara zai sa. Abin da nake nunawa shi ne Tafida ya tsaya a daidai wurin da tarbiyyar gidajen biyu ta haɗu, bai ƙara taku ɗaya ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun jawabin Lugard a Sakkwato a 1903, inda ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, gwamnatin Turawa ta taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna. Littattafan Hukumar Talifi kuwa don makarantun En'e aka yi su, East kuma, ma'aikacin gwamnati, yana zaune a kan rubutun a matsayin abokin aiki. A fahimtata, labarin da ke da majami'a a tsakiyarsa ba zai tsallake wannan teburi ba. Tafida ya shiga zauren adabi, amma sai da ya tuɓe garinsu a bakin ƙofa tare da takalmi. Abin da ya fara a matsayin larurar zamani shi ya zama al'ada.

Majami'ar ƙauye a ƙasar Kabi

Domin a ga girman abin da aka bari a waje, bari mu bar Zazzau mu yi yamma. Birnin Kebbi da Argungu suna cikin tsohon Lardin Sakkwato, inda ƙofar ta fi ko'ina rufuwa ga mishan. Ta ɓangaren kuturta aka buɗe ta. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta miƙa wa 'yan mishan kula da sansanonin kutare, mishan ɗin SIM ta karɓi Amanawa kusa da Sakkwato, kamar yadda ta karɓi Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya, ta bi sawun mutanen da suka je neman magani a irin waɗannan wurare, suka koyi karatun boko da aikin jinya, wasunsu suka koma gida da sabon addini. Ta kudu kuma, mishan ɗin UMS ta kafu a ƙasar Zuru tun shekarun 1920, daga gare ta ikilisiyar UMCA ta fito. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka haɗa masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, sai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda daga kudancin jihar suka bazu a garuruwa da ƙauyukan fadama. Majami'ar ƙauye a nan gaurayen waɗannan ce: 'yan gidaje kaɗan na 'yan ƙasa, da ma'aikata, da manoman da suka zo cin rani suka zauna. Badakkare da Bakambare da Bazabarme da Bahaushe ba su da harshen da zai haɗa su a benci ɗaya in ba Hausa ba.

Na san ɗaya daga cikinsu, a wani ƙauye da ke gefen fadama, inda mahaifin wani abokin karatuna yake aikin bishara. Ɗaki ne guda na ƙasa da rufin kwano, bai kai girman ajin firamare ba. Ƙararrawarsa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya. Maza suna zama gefe, mata gefe, kamar yadda ake yi a kowane taron ƙauyen. Mai bisharar manomin shinkafa ne kamar kowa, in damina ta yi kyau ya ci, in gulbi ya yi ambaliya irin ta 2020 ya yi asara tare da liman da mai unguwa. Ranar godiyar kaka ba kuɗi ake kawowa ba, buhun shanshera ne da damin gero da bandar kifi. Ranar da na je ɗaurin auren 'yar gidan, na tsaya daga waje ina jiran a gama, sai wata tsohuwa ta leƙo ta ce mini, "Ɗana, shigo ka zamna, ba a barin baƙo bakin ƙohwa." Na ce, "Inna, nan ma ya isa." Ta ce, "To bari a kawo maka tabarma." Aka kawo. Daga kan tabarmar na ji ana karanta littafi da daidaitacciyar Hausa, ana fassara shi da Kabanci tsantsa, da su "munka" da "sunka" da "shina".

Duk wanda ya san abin da ake gina labari da shi ya san akwai kaya a nan. Filin da majami'ar take a kai aro ne da kakan mai gari na yanzu ya bayar da baki, babu takarda, ga jikoki sun taso suna bukatar wurin gini. Ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, tsoho ya rasu ya bar gona a fadama: wace doka za ta raba gadon, wa zai wanke gawar, a wace maƙabarta? Ga budurwar da ke waƙa a ƙungiyar mawaƙa, saurayin da take so yana sallah a sahun gaba. Ga akuyar Kirsimeti da ake kiran maƙwabci Musulmi ya yanka domin kowa ya iya ci, ga naman layya da ke tsallaka katanga ran Babbar Sallah, ga kuma gidan da ake karɓar kwanon da fara'a a juye shi a bayan ɗaki. Soyayya da gado da kunya da amana da cin amana, waɗanda marubutanmu ke ta juyawa a gidajen attajiran Kano da Abuja, ga su nan a ɗanyensu, inda kowane zaɓi yake iya raba mutum da danginsa.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Asarar ba ta tsaya kan jigo ba, ta shafi harshe, wanda shi ne jarin marubuci. A ƙasar Malesiya an yi shekaru ana shari'a kan ko jaridar Katolika tana da izinin rubuta kalmar Allah. A ƙasar Hausa ba a taɓa bukatar alƙali kan wannan ba. Musulmi da Kirista Allah suke kira, Ubangiji suke roƙo, suna addu'a, suna tuba, suna tsoron zunubi, suna jin wa'azi. Sai dai kalmomin, da suka shekara kusan ɗari suna kwana a ɗakuna biyu, kowace ta ɗauko ƙamshin ɗakin da ta kwana. Sujada a masallaci sa goshi ne a ƙasa, a majami'a ita ce dukan ibadar Lahadi. Ceto a bakin Musulmi na ranar alƙiyama ne, a bakin Kirista abu ne da yake cewa ya riga ya samu. Baiko a gidan biki alkawarin aure ne, a majami'a shi ne abin da ake sakawa a kwano. Inda Musulmi ya ce imani, Kirista bangaskiya yake cewa, kalmar da aka ƙera da ƙarfen Hausa zalla. Alheri, wanda a kasuwa kyauta ce, a can shi ne jinƙan da ba a cancanta ba.

Ka ɗauki mutum biyu a kwalekwale ɗaya suna ƙetare gulbi, ɗaya ya ce wa ɗaya Allah ya cece mu, kowa ya amsa da amin, alhali kowa da abin da ya ji. Marubucin da ya san wannan ba ya bukatar dogon sharhi, hirar kaɗai ta isa ta nuna kusanci da nisan da ke tsakaninsu. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun san da wannan tsaka mai wuya. Fassarar 1932 ta ce Yohanna da Misalai, sabuwar fassarar da ta biyo bayanta ta ce Yahaya da Karin Magana, wato ta matso kusa da bakin jama'a. Amma dukansu sun riƙe Yesu, ba su ce Isa ba. Kowane zaɓi a cikin waɗannan hukunci ne kan iyakar da za a matso da iyakar da za a tsaya, kuma aikin manazarcin adabi ne ya karanta shi.

Haka abin yake a fagen waƙa, inda nake ganin hukuncin ya kasu biyu. Da yawa daga tsofaffin waƙoƙin littafin waƙoƙin majami'a fassara ce da aka ɗora kan karin Turai. A nan Hausa takan wahala: a ja gajeren wasali, a datse dogo, a ɗaga murya inda karin sautin kalma ya sauka, ga rashin amsa-amon da kunnen Bahaushe ya saba da shi a rubutacciyar waƙa. In aka auna su da ma'aunin Aƙilu Aliyu ko Mu'azu Haɗeja, kaɗan ne za su tsaya. Waƙoƙin Zumuntar Mata kuwa wani abu ne dabam. Jagora ta bayar, 'yan amshi su karɓa, ana kiɗa tulu da caki, ɗiyan waƙar gajeru, ana saƙa labarin Ayuba ko Hannatu da zancen kishi da rashin haihuwa da mijin da ya tafi cin rani bai aiko ba. Jininsu ɗaya da waƙar daka da ta dandali. Duk matakan da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa na nazarin waƙar baka, daga salsala zuwa turke da tubalansa da salon sarrafawa, za su hau kansu daidai. Tarihin rubutunmu, kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara shi a Hausa a Rubuce, bai manta da Schön da Miller da Bargery ba. Mun adana sunan Baturen da ya kawo littafin, mun bar matar da ta mai da shi waƙa.

Bayan Tafida

Wanda ya bi jerin littattafan da ake karantarwa daga sakandare zuwa jami'a zai ga al'adar ta ɗore. Littattafan gasa da suka fito a 1980, irin su So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, sun buɗe maganar auren dole da zaɓin zuciya. Turmin Danya ya shiga duniyar fasa-ƙwauri da cin hanci. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, shi ya fi kowa ƙarfin hali, domin ya ɗauko tauraronsa Mailoma daga ƙauyen Maguzawa, ya nuna cewa Bahaushen da ba Musulmi ba zai iya ɗaukar nauyin littafi tun daga farko har ƙarshe. Sai dai ƙauyen nasa matattarar tsafi da jini ce, mafarin ta'addancin da ya biyo baya. A littattafan soyayya da finafinan Kano kuwa, in Kirista ya fito, sau da yawa ɗayan biyu ne: ko baƙo mai gwarancin Hausa da aka kawo don dariya, ko budurwar da labarin ke jira ta musulunta a ɗaura aure. A duka biyun ba a ba shi gida da dangi da ranar Lahadinsa ba. Ana fara ganinsa ne a ranar da ya daina zama abin da yake.

Sauran adabin Afirka bai yi wannan kawaici ba. A Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, majami'ar da aka gina a mugun dajin Mbanta ita ce wuƙar da ta raba Okonkwo da ɗansa Nwoye, kuma Achebe ya bar mai karatu ya ga abin da ya ja yaron da abin da ya ƙona uban. The River Between na Ngũgĩ wa Thiong'o, na 1965, ya kafa ƙauyuka biyu a kan tuddai biyu, kogi a tsakani, addini ya raba su. Amma kwaikwayonsu ba zai fisshe mu ba, domin nasu labarin zuwan Bature ne. Tamu majami'ar ta wuce nan. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da sunanta tun 1954, Baturen ya daɗe da komawa gida, wanda ke kan bagadi yau jikan manomi ne da bai taɓa ganin ɗan mishan ba. Labarinmu na maƙwabta ne da suka gaji bambanci kamar yadda suka gaji gona. Cewa ana iya tsallaka katangar kuwa, Elnathan John ya nuna a Born on a Tuesday, na 2015, inda wanda bai tashi cikin Musulunci ba ya rubuta rayuwar almajiri a wani masallacin Sakkwato daga ciki. Da Ingilishi ya yi. Har yanzu ana jiran wanda zai yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren, da Hausa.

Uzurori uku

Za a ce marubuci abin da ya sani yake rubutawa, mafi yawan marubutan Hausa kuwa Musulmi ne. Gaskiya ne, kuma babu mai neman a ƙirga taurari bisa ƙidayar jama'a. Amma marubutan nan sun rubuta Dubai da Landan da fadar aljannu ba tare da sun taka ba. Majami'ar da ke bayan makarantar firamaren garinsu ta fi waɗannan kusa. Rashin sanin zaɓi ne.

Za a ce kuma maganar addini wuta ce, mai hankali ba ya wasa da ita. Wannan uzuri ya fi na farko ƙarfi, kuma wanda ya ga abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, ko ƙone-ƙonen majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, ba zai raina shi ba. Sai dai ina ganin shirun yana cikin abin da ke ciyar da wutar. Mutumin da ba ka taɓa jin yadda yake yi wa ɗansa faɗa ko yadda yake kukan uwarsa ba, wanda sunansa ba ya zuwa kunnenka sai a labaran rikici, shi ne mai sauƙin zama "su". Kuma labarin ƙauye ba muƙabala ba ce. Ba a tambayar marubuci ya yanke hukunci tsakanin aƙidu, ana tambayarsa ya nuna mana wa ya ɗauki gawar, wa ya hana aron jaki. Tafawa Ɓalewa ya nuna cinikin bayi a Shaihu Umar, ba wanda ya ce talla yake yi masa.

Uzuri na uku daga ɗaya ɗakin yake fitowa. Matasan da suka tashi a waɗannan majami'u, waɗanda suka fi yawancinmu yawan karanta Hausa a bayyane domin kowane mako suna yi, in sun ɗauki alƙalami Ingilishi suke nufa, suna ganin adabin Hausa gidan wasu ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka rubuta da Hausar boko na Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, aka 'yanta, ya bi Barth zuwa Ingila, ya zama Kirista, Schön ya buga labarinsa a Magana Hausa a 1885. Daga Dorugu zuwa Tafida, suna da gado a gidan nan. Wanda ya bar gonar gado ta yi saura, ba shi da bakin ƙorafi in an ce ba shi da gona.

Kammalawa

Darajar Jiki Magayi tana nan yadda take. Littafi ne da ya gane cewa mugunta tana da zuriya, ya kuma faɗe ta da Hausar da ba ta tsufa ba. Abin da na ƙara a kan karatunsa shi ne a riƙa ganin abin da ya yi shiru a kai, a kuma san cewa shirun na 1933 yana da dalilin da na yau ba shi da shi. Babu Razdan, babu East a kan teburi. Aikin da ya rage kashi biyu ne. Na manazarta shi ne su ɗauki rakoda su shiga taron Zumuntar Mata a Zuru da Birnin Kebbi da Wusasa, su feɗe waƙoƙin da wuƙar da suke feɗe na Narambaɗa da Ɗan Anace, su yaba mai kyau su kushe maras kyau. Na marubuta shi ne su ba mai bisharar ƙauye abin da suka ba malami da attajiri da ɗan siyasa, wato halin kirki da rauni da bashi da surukai. A fadamar Rima, shekarar da gulbi ya cika, ruwa ɗaya ke cin katangar masallaci da ta majami'a, mutane ɗaya kuma ke kwaɓa ƙasar gyara. Adabin da ya ce shi madubin al'umma ne, in ya nuna katanga ɗaya ya ɓoye ɗaya, rabin fuska ya nuna.